LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI FUSKA

   

A fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin za mu ƙarasa zancen uwar miji da surukarta, to amma ku yi mini afuwa, domin wata wasiƙa ce ta zo mini daga Shinkafi wadda tun da na karanta na kasa ajiye ta. Da farko dariya ta ba ni, daga baya kuma sai na ji jikina ya yi sanyi, saboda ta tuno mini da wani abu da ya kusa raba ni da uban 'ya'yana tun kafin a shafa fatiha. Ga abin da yarinyar ta ce, na sakaya sunanta kamar yadda ta roƙa:

"Anti, ni budurwa ce 'yar shekara 21. Yayata tela ce, tana ɗinkin atamfa da leshi da dogayen riguna, kuma ni take sa wa kayan ta ɗauke ni hoto da wayarta ta tura wa masu saye a WhatsApp, musamman in Alhamis ta gabato, ranar kasuwarmu. Ɗinki ya zauna, kaya su yi kyau, amma fuskata ta ɓata komai. In na ɗaure a ce kamar an aiko mini da saƙon mutuwa, in na yi dariya a ce kamar an taka mini ƙafa. Yanzu har ta fara yanke kaina a hoton, daga wuya zuwa ƙasa kawai take turawa. Ga shi bayan Sallah bikina, kuma angon ya nace sai mun yi hoton da za a buga a kalanda da jakunkunan rabo. Anti ki taimake ni, wallahi ni ba mai baƙin rai ba ce."

To ƙanwata, share hawayenki. Ciwon da ke damun ki ya dami dubunki, ni ma nan da kike gani tsohuwar majinyaciya ce. Gyara zama ki sha labari.

A Ƙaura Namoda aka haife ni, a can na tashi. Mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne, gidanmu ba nisa da tashar jirgin ƙasa, wadda ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratso Funtuwa da Gusau ya iso garin a 1929. A shekarar 1991, lokacin muna cikin jihar Sakkwato domin sai a 1996 aka yi jihar Zamfara, Allah ya haɗa ni da wani saurayi ɗan Zurmi da ke karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta garinmu, wadda muke kira Foli. Magana ta yi nisa, sai ya ce in ba shi hotona ya kai wa danginsa su gani kafin manya su shigo ciki.

Ranar da za ni situdiyo ko abincin rana ban iya ci ba. Na ɗaura sabuwar atamfata, na ari sarƙa da ɗankunnen yayata, na rambaɗa kwalli, na ja ƙawata muka tafi. Ku da kuka yi zamanin kun san wurin: labule mai zanen benaye da jirgin sama, fulawar roba a kan tebur, da wata tarho wadda ko waya ba ta da ita. Mai hoto ya tsayar da ni, ya ce in ɗaga haɓa, in dafa tarho, kada in motsa, kada in ƙifta ido. Ni kuwa ga kunyar namiji baƙo yana kallona, ga tsoron kada in yi asarar kuɗina, sai na riƙe numfashi na zare ido na haɗe girar sama da ta ƙasa. Wal! aka haske ni. A lokacin babu zancen a nuna miki ki ce a sake. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, sai ya cika sannan a kai shi wanki, ki yi mako guda kina jiran abin da ba ki san kamanninsa ba.

Da hoton ya isa Zurmi ya faɗa hannun gwaggonsa, wadda ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, ta juya shi ta sake juyawa, sannan ta ce, "Wagga ɗiya mi anka yi mata? Ko dole anka yi mata? In ba ta son ɗanmu a hwaɗa muna tun da wuri." Wasa-wasa sai da maganar nan ta tsayar da kai kuɗin gaisuwa har kusan wata biyu. Shi yana rantsuwa, ita tana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Daga ƙarshe ta shirya takanas ta zo Ƙaura da sunan ta zo ganin likita, ta yi sallama gidanmu ba zato ba tsammani, ta iske ni a tsakar gida ina surfe ina ƙyaƙyata dariya da ƙannena. Ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe ɗiyar tana da haƙora!" Har Allah ya karɓi ranta in muka haɗu sai ta tsokane ni da wannan magana, Allah ya jiƙanta.

Kin ga ke nan hoto ba abin rainawa ba ne. Yana zuwa inda ƙafarki ba ta je ba, ya yi magana da yawunki alhali ba kya nan balle ki kare kanki.

To wai me ya sa mu da muka iya fara'a a tsakar gida muke murtukewa da zarar an saita mu da kyamara? Ni dai a ganina dalilai uku ne. Na farko tarbiyya: tun muna ƙanana ake kwaɓar mu cewa 'ya mace ba ta washe baki gaban baƙo, amarya kuwa in ta kuskura aka ga haƙorinta ranar biki sai a ce ɗokin aure take, ba ta da kunya. Na biyu gado ne daga ita kanta kyamarar. Lokacin da aka fito da sana'ar hoto a Faransa a 1839, sai mutum ya yi mintuna a zaune bai motsa ba kafin hoto ya kamu, har wani ƙarfe ake tokare masa ƙeya da shi, wa zai iya riƙe murmushi tsawon wannan lokaci? Kyamara ta daɗe da yin sauri, amma "kada ki motsa" ta zauna a bakin masu hoto. Na uku kuwa, da yawanmu hoton farko da muka sani shi ne na fasfo, na makaranta ko na katin zaɓe ko na katin ɗan ƙasa, inda ake son fuska a miƙe ba yabo ba fallasa. Sai muka ɗauka haka ake yi wa kowane hoto.

Amma ki lura da kyau, kunya daban, ɗaure fuska daban. Kunya ado ce, tana da daɗin kallo, ita ce ke sa ido ya sunkuya baki ya ɗan motsa. Ɗaure fuska kuwa tsoro ne ya sa rigar kunya, mai kallo kuma ba tsoron zai gani ba, girman kai zai gani ko baƙin rai.

Ita kuma dariyar da kika ce kamar an taka miki ƙafa, sunanta yaƙe, kuma masana sun daɗe da gano sirrinta. Wani likita Bafaranshe mai suna Duchenne ya fitar da littafi a 1862, bayan ya yi shekaru yana ɗana wa fuskokin mutane wayar lantarki mai rauni yana motsa naman fuska ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoto. Ya gano cewa murmushi nama biyu ke yin sa. Akwai wanda ya taso daga ƙashin kunci yake jan gefen baki sama, wannan kowa na iya ba shi umarni. Akwai kuma wanda ya kewaye ido, shi ke tura kumatu sama, ya ɗan tsuke ido, ya yi 'yan layuka a gefensa, kuma shi ya fi jin maganar zuciya a kan maganar mai shi. In baki ya yi dariya ido bai taya shi ba, ko yaron goye ya san ba ta kai ciki ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mutane da dama na iya koyon motsa wannan nama da gangan, wato ke nan abin yana koyuwa. Amma hanya mafi sauƙi ita ce wadda kakanninmu suka faɗa tun Duchenne bai zo duniya ba: labarin zuciya a tambayi fuska. Ki ba zuciyarki labari, fuska za ta faɗe shi da kanta.

Ga yadda za ki yi. Kafin ki tsaya, ki tambayi kanki me ake son hoton nan ya ce. In doguwar rigar zuwa biki ce yayarki ta ɗinka, fuskar da za ta raka ta ita ce ta wadda ta shigo taro ta hango aminiyarta da suka shekara ba su haɗu ba. To ki kira sunan aminiyar a ranki, ki sa ta a bayan wayar, ki kalle ta. In hijabi ne ko abaya, natsuwa ake nema, ki tuno yadda kike ji da asuba in gari ya yi tsit, ki bar leɓɓanki a haɗe amma kada ki matse su. In kayan amarya ne, ki sunkuyar da ido ƙasa, ki tuno wata magana da angon ya taɓa faɗa miki wadda ba ki gaya wa kowa ba, sannan ki ɗago a hankali kamar an kira sunanki. A wannan ɗagowar ake dannawa. Kada ki ce wa kanki "yi murmushi", domin fuska ba ta jin wannan yaren. Ki tuno ranar da ƙaninki ya faɗa kwata da kayan Sallah, ki ga abin da zai faru.

Sai kuma jiki, domin fuska ba ta sakuwa in jiki a ɗaure yake. Yawancinmu numfashi muke riƙewa, kafaɗu su haye kunne, muƙamuƙi ya cije. Ki ja iska ki sake ta gaba ɗaya, ki bar kafaɗu su faɗi, ki hura kumatu ki sake sau biyu ko uku, ki ɗora kan harshenki a bayan haƙoran sama. Kada ki fuskanci kyamara ƙiƙam kamar soja, ki ɗan karkace jiki, ki miƙo haɓa gaba kaɗan ki sauke ta kaɗan. Ki ba hannunki aikin yi, ko gyaran gyale ko riƙe jaka, domin hannun da ba shi da aiki shi ke tona asirin mai tsoro. In ke mai yawan ƙifta ido ce ko mai zare shi, ki lumshe, yayarki ta ƙirga, a na uku ki buɗe ta danna. Kuma murmushi kamar ƙosai yake, da zafinsa ake ci. In ya wuce ɗan lokaci kaɗan a fuska ya sandare, gara ki sauke ki kau da kai ki sake ɗauko sabo.

Rana ma tana da nata laifin. Duk wadda ta san zafin Shinkafi a watan Afrilu ta san ba mai iya tsayawa tsakar rana bai yamutse fuska ba, ga inuwa da ke taruwa a ƙarƙashin ido ta mai da yarinya tsohuwa. Ku yi hotonku da hantsi ko bayan la'asar, ko a inuwar zaure ki fuskanci ƙofa haske ya sauka a fuskarki. Wayar kuma kada a manna miki ita, domin duk abin da ya fi kusa da kyamara shi ke ƙara girma, shi ya sa hoton ɗauki-kanka ke kumbura hanci. A ja baya taku uku ko huɗu.

Madubi abokin koyo ne, amma kada ki amince masa ɗari bisa ɗari. Shi juya fuska yake, dama ta koma hagu, kuma da wannan juyayyar fuskar kika saba tun kina yarinya, shi ya sa in kika ga hotonki sai ki ji kamar ba ke ba ce, alhali haka kowa ya san ki. Ki yi minti biyar kullum a gabansa bayan kin shafa mai, ki rufe bakinki da tafin hannu ki gwada murmushi da ido kaɗai har ki ga kumatu sun tashi. In kin samu, ki lumshe ido ki riƙe yadda naman ya ji, saboda ranar hoto babu madubi a gabanki. Ku yaran yanzu ma kun huta, waya ba ta cin fim. Ku ɗauki hamsin ku zaɓi ɗaya, ko ku ɗauki bidiyo kuna hira ku tsamo inda fuska ta fi sakuwa. In kina da wushirya ko kumatunki na lotsawa kada ki ɓoye, abin da wasu ke nema ne ido rufe.

Yanzu bari in juyo kan yayarki, da duk mai riƙe kyamara, domin rabin laifin nasu ne. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a 1948 ya rasu a 2001. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya tanadi rediyo da agogo da tabarau da babur na aro ga mai so, kuma sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka. In kika dube su za ki ga mata da yawa ko haƙorinsu ba a gani, amma kowace ta zauna daram kamar a ɗakinta, ido na magana. Wannan ya isa ya nuna miki ba sai kin washe baki ba. Shi ya san yadda zai zaunar da mutum, ya gyara masa zama da hannu har ya sake.

Wani kuma, Yousuf Karsh, a watan Disambar 1941 aka ba shi 'yan mintuna ya ɗauki Firayim Ministan Ingila Winston Churchill a birnin Ottawa na ƙasar Kanada, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Mutumin ya ƙi ajiye tabarsa, sai Karsh ya matso ya zare ta daga bakinsa, ya koma ya danna. Hararar da Churchill ya watsa masa ita ce ta zama hoton da duniya ta fi sanin sa da shi, har a 2016 aka buga shi a bayan takardar fam 5 ta Ingila. Ban ce ki fizge wa kowa abu ba, amma darasin a fili yake: mai hoto ba ya roƙon fuska, dalili yake ba ta. Saboda haka Yaya, daina cewa "saki ranki mana", wannan kalma ƙara ɗaure mutum take. Ja ta da hira, tambaye ta wa ya fara cewa yana son wani tsakaninta da angon, kori 'yan kallo daga ɗakin, kuma kada ki duba waya ki yi tsaki a gabanta.

Shi ma angon a gaya masa, kwarjini ba ya nufin haɗe rai. Mazanmu da dama in sun sha babbar riga suka kafa hula sai su tsaya kamar masu bin bashi, amarya a gefe kamar wadda aka kamo. Ya dube ki, ki dube shi, ku manta da mai hoto, kuma ku tsaya iya inda mutunci ya tsaya, ba sai an rungumi juna ba kafin a gane akwai ƙauna.

Kada in rufe ban ja kunnenki ba. Hoto in ya bar hannunki ya bar shi ke nan, ba kamar zamaninmu ba da ake iya zuwa a karɓo a yaga. Kafin fuskarki ta shiga tallan kaya, iyayenki su sani, wanda zai aure ki ya sani, ku yi magana da yayarki a kan inda za a tura da inda ba za a tura ba. In sun fi son a bar shi daga wuya zuwa ƙasa, to ba aibu, ki ajiye fara'arki ga albam ɗin gidanki. Duk kuma wanda ya ce ki turo masa hoton da ba za ki iya nuna wa mahaifiyarki ba, ba masoyinki ba ne.

Wata za ta ce, Anti duk wannan dogon zance a kan hoto kawai? To ku saurara. Innarmu, Allah ya gafarta mata, ba a yi mace mai fara'a kamarta a unguwarmu ba, in tana dariya har maƙwabta sai sun leƙo. Amma hoto ɗaya tal ta bari a duniya, na fasfo, wanda aka ɗauka da za ta aikin Hajji. Mun kai an ƙara masa girma mun sa a firem. Rannan jikata ta tsaya a gabansa ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Hajiya, innarku mafaɗaciya ce ko?" Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka, domin ba ni da abin da zan nuna mata in ƙaryata hoton.

Mu mutanen Ƙaura da Zurmi da Shinkafi mun san wannan fiye da kowa. Rashin tsaron da ya addabi yankinmu ya raba dangi da dangi, wasu sun yi hijira, wasu sun tafi inda ba a dawowa. A watan Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, mu da ke zaune nesa mun yi makonni ba mu ji muryar kowa namu ba, ba abin da ya rage mana sai mu buɗe albam mu yi ta kallon fuskoki. A lokacin na gane wanda ya bar wa 'yan'uwansa hoto da sakakkiyar fuska ya bar musu abin rarrashin zuciya. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, to hoto shimfiɗa ce da za ki yi wa baƙin da ba za ki taɓa gani ba, har da jikokin da ba a haifa ba tukuna.

Saboda haka ƙanwata ta Shinkafi, ranar hoton nan ki ci abinci ki ƙoshi, ki yi barci isasshe, ki tafi da ƙawar da ta fi kowa ba ki dariya. In kalandar ta fito kada ki manta da Antinki, ina nan ina jiran tawa. Allah ya sa alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu.

Zancen uwar miji yana nan ban manta ba, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku.

Taku har kullum,
Antinku.